Fikafikan Sola a Falaki: Lissafin da Aka Yi a Ƙasa da Abin da Sama Ke Nunawa

Kafin a ɗora tauraron ɗan'adam a kan roka, akwai wata lamba guda da masu ƙera shi da masu sayensa suka riga suka sa wa hannu: wat nawa fikafikansa na sola za su iya bayarwa a ranar ƙarshe ta aikinsa. Ga manyan taurarin sadarwa, ranar nan takan zo ne bayan shekara 15. Da wannan lamba ake yanke yawan na'urorin watsa saƙo da za a loda masa, da girman batir, da nauyin da roka za ta ɗauka, har da abin da kamfanin inshora zai caja. Kuma in an tashi, an tashi ke nan. In ka cire na'urar hangen nesa ta Hubble da tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wato ISS, da 'yan kaɗan irinsu da 'yan sama-jannati suka taɓa kai wa hannu, babu tauraron da wani zai bi da tsumma ya goge masa gilashi, ko ya ɗaure masa wayar da ta saki.

To, lambar tana cika kuwa? Abin da aka fi ji daga bakin masu kula da taurarin shi ne fikafikan sun ma zarce hasashe. Sau da yawa hakan gaskiya ne, sai dai maganar tana son a tsefe ta, domin ta haɗiye tambayoyi biyu: wane irin hasashe aka yi tun farko, kuma da wane ma'auni aka auna. Wanda kuma ya bi tarihin taurarin da lissafinsu ya kauce sosai zai ga wani abin mamaki. Radiyeshin, wato ƙananan ƙwayoyi masu tsananin gudu da ke yawo a sama, dodon da kowa ya fi tsoro, shi ne aka fi iya lissafawa. Ɓarnar da ke karya tauraro takan shigo ne ta ƙofar da ba a sa wa mai gadi ba.

A can sama da iskar duniya, hasken rana yana sauka da ƙarfin wat 1,361 a kan kowane murabba'in mita, in aka ɗauki matsakaicin nisanmu da ita. Haɗin launukansa ma ya bambanta da wanda ke iso mana, tunda babu iska ko tururin ruwa da ya tace wani sashe. Wannan haske babu shi a ɗakin gwaji, dole a kwaikwaye shi. Ana amfani da babbar fitilar zenon mai walƙiya, wadda ke haska faifan sola gaba ɗaya na ƙasa da ƙiftawar ido, a auna abin da ya fito kafin ya yi zafi. Ita fitilar kuma da me ake daidaita ta? Da wasu ƙwayoyin sola na musamman (ƙwayar sola ita ce ƙaramin yankin da ke juya haske zuwa lantarki, wanda ake jerawa a yi faifai) da aka ɗaura wa balan-balan aka tura sama da kilomita 30, ko aka ɗora wa jirgin sama mai tashi can ƙololuwa, aka auna su inda iska ta kusa ƙarewa, aka dawo da su ana lallaɓawa kamar ƙwai. Cibiyar JPL ta Amurka da hukumar CNES ta Faransa sun daɗe suna wannan aiki. Duk da wannan wahala, ɗan kuskure yana nan maƙale da lambar tun ba a bar ƙasa ba.

Daga wannan lamba, wadda ake aunawa a zafin digiri 28, sai a fara zaftarewa. A cire na zafi, domin faifan da ke fuskantar rana ya fi haka ɗumi nesa ba kusa ba, kuma ƙwayar sola in ta yi zafi boltejinta sauka yake yi. A cire na rashin daidaito tsakanin ƙwayoyi, da abin da wayoyi ke ci, da duhun da hasken ultrabayolet ke sa wa gilashin rufi da gam ɗin da ke riƙe da shi. A cire na 'yar karkata daga saitin rana. A ɗauka cewa layin ƙwayoyi ɗaya ko biyu za su mutu haka kawai. A ƙarshe a cire na radiyeshin. Kowane injiniya da ke da alhakin ɗaya daga cikin waɗannan yakan zaɓi ɓangaren da ya fi muni, don kada laifi ya faɗo kansa, sannan a ninka su duka. Abin da ke fitowa alkawari ne cewa ko komai ya ɓaci lokaci guda, ba za a gaza kaza ba. Wuce irin wannan lamba ba abin a buga ganga ba ne, dama don a wuce ta aka yi ta. Ni a ganina tauraron da ya kai ƙarshen aikinsa da rarar wuta mai yawan gaske yana nuna an ɗora wa roka kilo-kilo na faifan da ba a buƙata, kuma wani ya biya kuɗin harba su. Masu kula da shi dai ba za su yi ƙorafi ba, tunda rarar ce ke ba su ƙarin shekaru, muddin man gyara zama bai ƙare ba.

Darasin radiyeshin kuwa da wuri aka koye shi, kuma da zafi. Vanguard 1, wanda Amurka ta harba a watan Maris na 1958, shi ne tauraro na farko da ya yi aiki da sola, kuma 'yar rediyonsa ta ci gaba da magana har 1964. A shekarar 1958 ɗin ce James Van Allen da abokan aikinsa suka gano ɗamarar ƙwayoyin elektron da furoton da maganaɗisun duniya ya kama yake juyawa da su. Sai ga ranar 9 ga Yulin 1962, Amurka ta tayar da bam ɗin nukiliya a tsayin kilomita 400 a saman tekun Fasifik, gwajin da aka sa wa suna Starfish Prime. Fashewar ta cika falaki da elektron, fikafikan taurari irin su Transit 4B da TRAAC da Ariel 1 na Birtaniya suka tsufa cikin 'yan makonni. Washegarin gwajin aka harba Telstar 1 cikin wannan ƙazamin yanayi. Ƙwayoyinsa na sola 3,600 an yi su da tsarin da ya fi jure radiyeshin, an kuma lulluɓe su da yaƙutu na masana'anta, don haka ba su ne suka kashe shi ba, taransistocin da ke karɓar umarni ne suka gaza.

Abin da ke faruwa a cikin ƙwayar sola mai sauƙin fahimta ne. Furoton ko elektron mai tsananin gudu yakan bangaje ƙwayar zarra daga gurbinta a cikin lu'ulu'un, ya bar rami. Lantarkin da haske ya tayar, maimakon ya isa waya, sai ya faɗa ramin ya salwanta. Tunda ba za a iya kwaikwayon duk irin ƙwayoyin radiyeshin da ke sama ba, sai aka ƙirƙiro hanyar mayar da su duka zuwa ma'auni guda: a lissafa ɓarnar shekara 15, a ce ta yi daidai da elektron kaza masu ƙarfin miliyan ɗaya na ma'aunin elektron-bolt, sannan a kai ƙwayar gaban injin harba elektron a zuba mata wannan adadi cikin sa'o'i. Hanyar JPL ke nan. Ɗakin binciken sojojin ruwan Amurka ya fito da wata da ke bi ta lissafin kuzarin da ke tafiya wajen gusar da zarra, kuma sakamakon hanyoyin biyu yakan zo kusa da juna. Ƙwayoyin zamani masu hawa uku, waɗanda ke juya kusan kashi 30 cikin 100 na haske zuwa lantarki, in aka zuba musu elektron tiriliyan dubu a kan kowane murabba'in santimita, sukan riƙe wajen kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na ƙarfinsu.

Ga inda sa'a ta taimaki masu lissafi. Taswirorin ɗamarar Van Allen da aka fi daɗewa ana aiki da su, AP-8 na furoton da AE-8 na elektron, an gina su ne a kan bayanan taurarin shekarun 1960 da 1970, kuma sanannen abu ne cewa za su iya kaucewa da ninki biyu. A wani fannin, kuskuren ninki biyu ya isa ya rusa komai. A nan bai rusa ba, domin lalacewar ƙwayar sola ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan radiyeshin. Farkon duka shi ne mai ciwo. Daga nan kowane ninki na radiyeshin 'yan kashi kaɗan kawai yake ƙara ci. Shi ya sa layin wutar tauraro yakan gangara da sauri a shekarun farko, sannan ya kwanta, kuma shi ya sa taswira mai rauni take iya haifar da hasashe mai kyau.

Rana ita ce ba ta shiga taswira. Wani lokaci takan yi aman furoton, ta zuba wa tauraro cikin kwana biyu abin da aka ware wa shekara guda ko fiye. A watan Oktoban 1989 taurarin hasashen yanayi na GOES sun ɗanɗana haka. Na'urar SOHO, wadda aka harba a ƙarshen 1995 don kallon rana, ta yi asarar wajen kashi 2 cikin 100 na wutarta a guguwar 14 ga Yulin 2000 kaɗai, kuma a jadawalin wutarta abin ya fito kamar matakalar bene: layi yana tafiya a hankali, sai ya faɗo, sai ya ci gaba daga ƙasa. Babu mai iya faɗin ranar da irin wannan za ta zo, don haka lissafinta na caca ne. Akan zaɓi adadin da ake da tabbacin kashi 90 ko 95 cikin 100 ba za a wuce shi ba. Ma'ana, a cikin taurari goma, tara za su ga ƙasa da abin da aka tanadar musu. Ƙari a kan haka, zagayen rana na 24, wato zangon tashi da lafawar fushinta daga 2008 zuwa 2019, shi ne mafi rauni cikin kusan ƙarni guda. Taurarin da suka yi ƙuruciyarsu a wannan tsakani sun fito da kyakkyawan sakamako, amma rabin yabon na rana ne da ta yi lamo. Wanda ya ɗauki sakamakonsu ya rage kauri ko yawan faifai a tauraro na gaba, ya jingina da bangon da ba shi ya gina ba.

Akwai kuma yankin da taswirar kanta ta fi rauni, wato tsakiyar ɗamarar, inda a da taurari ba su cika zama ba. TacSat-4, wanda aka harba a 2011 cikin falakin da ke ratsa wannan yanki, ya ɗauki ƙwayoyin gwaji, kuma sun lalace da sauri fiye da yadda AP-8 ya nuna. Wannan ya zama abin damuwa ga 'yan kasuwa tun daga 2015, lokacin da taurarin sadarwa masu injin lantarki zalla suka fara hawa zuwa mazauninsu a hankali. Tafiyar da injin mai ke yi cikin kwanaki, su watanni suke yi, suna kutsawa cikin ɗamarar furoton da fikafikai a buɗe, domin da wutar fikafikan suke tuƙi. Tauraro yana iya cinye babban kaso na radiyeshin rayuwarsa tun bai fara kawo ko sisi ba. Sabuwar taswira, AE9 da AP9, ta fito a 2012, kuma babban abin da ta ƙara shi ne tana faɗin iyakar shakkunta.

Tambaya ta biyu, ta ma'auni, ita ce wadda aka fi tsallakewa. Mu ɗauki tauraron da ke zaune a kilomita 35,786 a saman layin ikwaita, wanda ya raba duniya arewa da kudu, mu buɗe jadawalin wutarsa na shekara guda. Layin ba miƙaƙƙe ba ne, yana da tozo biyu da kwari biyu. A Maris da Satumba rana tana daidai da fuskar faifan, wuta ta kai ƙololuwa. A Yuni da Disamba ta karkata da digiri 23.4, kuma tunda fikafikan a kan sanda ɗaya kawai suke juyawa, karkatar tana cin kusan kashi 8 cikin 100. Kwarin biyu kuma ba zurfinsu ɗaya ba. A farkon Janairu duniya ta fi kusa da rana, a farkon Yuli ta fi nisa, bambancin hasken ya kai kusan kashi 7 cikin 100, saboda haka kwarin Yuni shi ne mai zurfi, kuma a kansa akan ɗora alkawari. Duk wannan hawa da sauka ya ninka lalacewar shekara guda sau da yawa. Sai an share shi tsaf, an share tasirin zafi, kafin a hango ɗan abin da radiyeshin ya ci. A falakin ƙasa-ƙasa abin ya fi rikicewa, domin duniya tana mayar da kusan kashi 30 cikin 100 na hasken da ya sauko mata, kuma faifan yana tsintar ƙarin wuta in ya bi ta kan gajimare ko ƙanƙara, ya rasa ta in ya bi ta kan teku.

Ko an share duk wannan, da sauran rina a kaba. Yawancin manyan taurari ba sa tatsar faifan iya ƙarfinsa. Na'urar daidaita wuta tana riƙe babban layin lantarki a boltej guda, ta ɗebi abin da kayan aiki ke bukata, ta zubar da saura. Mu ce layin na bolt 100 ne. Mai ƙira ya san boltejin ƙwayoyi zai sauka da tsufa, don haka sai ya jera su da yawa, ta yadda sabon layi zai iya kaiwa, a misali, bolt 115 kafin ƙarfinsa ya karye. Shekara ta farko, gwiwar da ƙarfin ke karyewa ta sauko 112. Shekara ta biyar, 107. A duk tsawon wannan lokaci, mai kallon allo a ƙasa kusan adadin amfiya iri ɗaya yake gani, domin a bolt 100 har yanzu yana kan shimfiɗaɗɗen sashen layin. Sai ya rubuta rahoto cewa lalacewa ba ta taka kara ta karya ba. Ranar da gwiwar ta iso 100, musamman a lokacin da faifan ya fi zafi, wutar sai ta fara zubewa da saurin da bai taɓa gani ba, alhali babu wani sabon abu da ya faru. Tsufan yana nan tuntuni, ma'aunin ne ba ya kallon wajen.

Ƙwaya mai hawa uku tana da irin wannan ɓoyo a cikin jikinta. Hawa na sama yana cin shuɗin haske, na tsakiya, wanda aka yi da galiyom asenaid, yana cin ja da abin da ke maƙwabtaka da shi, na ƙasa na jamaniyom yana kwashe saura. A jere suke, don haka wanda ya fi ƙarancin kwarara shi ke yanke wa sauran. Na tsakiya ne radiyeshin ya fi ci, saboda haka akan ƙera shi da rara, a bar na sama ya zama mai iyakancewa a farko. Shekaru za su wuce na tsakiya yana ramewa ba a gani, sai ranar da ya sauko ƙasa da na sama. Wannan ne dalilin da ya sa ba na sakin jiki da duk jadawalin da ya miƙa layin shekara uku na farko har zuwa shekara ta 15 da rula. Masu son sanin gaskiya sukan ɗora wa tauraro 'yan ƙwayoyin gwaji daban, da na'urar da ke zana cikakken layinsu lokaci-lokaci, amma taurarin kasuwanci kaɗan ne ke ɗaukar wannan ƙarin kaya.

Yanzu ga waɗanda lissafinsu ya kauce da gaske. Samfurin farko na tauraron Boeing 702 ya zo da wata dabara mai kyau a takarda: a jera siraran madubai a gefe biyu na kowane fiffike, su tattaro ƙarin haske su zuba wa ƙwayoyin, a sami wuta mai yawa ba tare da ƙarin ƙwayoyi masu tsada ba. A 2001 kamfanin ya sanar cewa wutar tana raguwa da sauri fiye da yadda aka tsara. Ƙarin haske ya zo da ƙarin zafi, zafin ya sa gam da sauran kayan haɗi suna fitar da tururi, tururin yana sauka a kan madubai, hasken rana yana gasa shi ya zama hazo mai manne. Taurari shida abin ya shafa, cikinsu har da Anik F1 da Thuraya 1 da biyu na gidan rediyon XM, wanda sai da ya harba wasu don maye gurbinsu tun wa'adi bai yi ba. Lissafin radiyeshin bai yi kuskure a nan ba. Dauɗar da tauraron ya fitar daga jikinsa ce ta cinye shi, kuma samfuran baya an cire musu madubin.

Taurarin GPS, da ke kilomita 20,200, sun daɗe da nuna irin wannan alama a hankali. Tun daga rukunin farko aka lura wutarsu tana raguwa fiye da abin da radiyeshin kaɗai zai bayyana, kuma bayanin da aka fi karɓa shi ne wani abu yana taruwa a kan gilashin. Daga baya wasu masu bincike suka kawo hujjar cewa ƙananan tartsatsin lantarki ne ke fesa ƙarfe da sauran tarkace a kansa.

Tartsatsin nan shi ne ya fi kowanne mugunta, domin ba ya jira. Yayin da taurari suka ƙara girma a shekarun 1990, aka ɗaga boltejinsu zuwa 100 don a rage kaurin wayoyi. A lokacin guguwar maganaɗisu, jikin tauraro yakan tara cajin lantarki daban da na gilashin rufi, har bambancin ya yi yawa wani ɗan tartsatsi ya tashi a bakin ƙwaya. Shi kaɗai ba komai ba ne. Amma in ya tashi a ɗan ratar da ke tsakanin layuka biyu masu bambancin boltej mai yawa, sai ya zame musu gada, faifan da kansa ya ci gaba da ciyar da wutar, har ledar da ke ƙarƙashi ta ƙone ta zama gawayi. Gawayi kuwa yana wuce da lantarki, layin ya haɗe ke nan har abada. Haka ta sami taurarin Tempo 2 da PAS-6 a 1997. Na Japan ya fi muni: a watan Oktoban 2003, tauraron ADEOS-II, wanda bai cika shekara a sama ba, ya faɗo daga kusan kilowat 6 zuwa 1 cikin 'yan mintoci, kuma binciken ya kai ga damin wayoyin da ke ɗauko wuta daga fiffiken. Bayan waɗannan ne aka koma cike ratar da roba, ana tsara layuka yadda maƙwabta ba za su bambanta sosai ba, har aka kafa ƙa'idar gwaji ta duniya, ISO 11221, a 2011.

Tarkacen sama, wanda jama'a suka fi jin labarinsa, bai cika yin irin wannan ɓarna ba. Fiffiken Hubble da aka dawo da shi ƙasa a Disamban 1993 an same shi da dubban ƙananan ramuka, amma ba su ne dalilin canza shi ba. Matsalarsa rawa ce: duk sanda na'urar ta fita daga inuwar duniya ta shiga rana, sandunan da ke riƙe da shi sai su motsa saboda canjin zafi, su girgiza madubin da ake so ya tsaya cak. A watan Agustan 2016 masu kula da tauraron Sentinel-1A na Turai suka ga wuta ta ɗan faɗi farat ɗaya, tauraron kuma ya ɗan gusa. Suka kunna kyamarar da aka sa masa don kallon buɗewar fikafikai, wadda ba a ƙara amfani da ita ba tun bayan harbawa, sai ga tabo mai faɗin kusan santimita 40, aikin wani abu da bai wuce 'yan milimita ba. Tauraron ya ci gaba da aikinsa. Ita kuwa na'urar binciken sama ta Lucy, da aka harba a Oktoban 2021, ɗaya daga fikafikanta masu siffar da'ira, mai faɗin mita 7.3, bai ƙarasa buɗewa ya kulle ba saboda igiyar da ke jansa ta sauka daga kan abin da ke naɗe ta. Bayan an yi ta ja, aka bar shi a wajen kashi 98 cikin 100.

Tashar ISS ita ce wurin da za a iya cewa alkawari da zahiri sun haɗu a fili. Fikafikanta takwas na silikon, kowanne da ƙwayoyi 32,800, an tsara su ne don shekara 15, kuma na farkon sun fara aiki a Disamban 2000. Suna shiga inuwa su fito kusan sau 16 a kowace rana, iskar oksijin mai zarra guda tana gogar su, ɗaya ma ya yage a 2007 sai da ɗan sama-jannati Scott Parazynski ya fita ya ɗinke shi. Zuwa 2021 NASA ta ce takwas ɗin suna iya ba da har kilowat 160, sun tsufa amma yadda aka zata. Maimakon a cire su, sai aka kawo sababbi masu naɗewa kamar tabarma, kowanne da fiye da kilowat 20, aka kafa su a gaban tsofaffin suna rufe wani sashe, da niyyar jimillar ta kai kilowat 215.

Akwai kuma wanda babu wanda ya yi masa hasashe, domin babu wanda ya zaci za a buƙata. AMSAT-OSCAR 7 ɗan ƙaramin tauraro ne da masu sha'awar rediyo suka haɗa, aka harba a Nuwamban 1974. A 1981 batirinsa ya haɗe, ya shaƙe wutar gaba ɗaya, tauraron ya yi tsit. Shekara 21 bayan haka, a Yunin 2002, wani mai sauraro ya tsinci siginarsa. Haɗewar da ke cikin batirin ta buɗe da kanta, wutar fayafayan ta sami hanyar isa rediyo kai tsaye. A 2024 ya cika shekara 50 ana magana ta cikinsa, da ƙwayoyin silikon na zamanin da. Ba shi da batir mai aiki, don haka duk sanda ya shiga inuwar duniya sai ya mutu, in ya fito rana ya farka, kuma masu jiransa a ƙasa sai sun saurara kafin su san a kan wane zangon rediyo ya tashi.